A Ƙofar Teku: Nutso da Iyo a Tsibiran Maldif



Kalmar nan kuɗi da ba ta barin bakinmu jam'i ce, tilonta wuri. Yaran yanzu ba su san wuri ba sai a wuyan jariri ko a jikin ƙwaryar ado, amma kakanninmu da shi suka sayi hatsi, da shi suka biya sadaki, har jaka guda ta wuri zambar ashirin tana da sunanta, keso. Tarihin Kano ya nuna wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, kuma sa'ad da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar ana canjin riyal ɗaya ta azurfa a kan wuri 2500. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne asalin wurin nan. Ƙwanson wata 'yar dodon koɗi ce ta teku, kuma mafi kyansa, ƙaramin nan mai sheƙi, daga tsibiran Maldif yake fitowa, can tsakiyar Tekun Indiya. Mutanen tsibiran kan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, halittun su manne, a jawo su kan yashi har naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson, a loda wa jiragen Bangal da Yaman. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran wajen 1343, ya ga ana ba da wuri dubu 400 a kan dinari ɗaya. Bayan kamar shekara goma ya iske irin wurin a Mali da Gawo ana sayar da 1150 a kan dinari, kafin ya wuce Takadda a ƙasar Nijar ta yau. Daga baya Turawan Holan da Ingila suka riƙa kwasarsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma suna sayen bayi da shi. Wannan ɓangare na labarin ba mai daɗi ba ne, kuma yana da kyau a san shi.

To, ruwan da ya haifi wurin nan muka je gani a watan Fabrairun 2024, mu tara, maza da mata.

Maldif ƙasa ce da kusan dukkanta ruwa ne. Tsibirai ne wajen 1190, waɗanda mutane ke zaune a cikinsu ba su cika 200 ba, a jere daga arewa zuwa kudu tsawon fiye da kilomita 800, amma in an haɗa busasshiyar ƙasarsu duka ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba. Tsakaicin tsayinta a kan teku mita ɗaya da rabi ne. Tsibiran a rukuni-rukuni suke, rukuni 26, kowanne kamar zobe: katangar murjani ta kewaye wani tafki mai faɗi, tsibirai suna zaune a kan katangar. Da harshensu, Dibehi, ana kiran zoben atolu, kuma daga nan Faransanci da Turanci suka ari kalmar atoll. Katangar ba a rufe take ruf ba. Tana da giɓi nan da can, wasu masu faɗin ɗaruruwan mita, kuma kowane giɓi sunansa kandu. Mu mun kira shi ƙofa.

A waɗannan ƙofofi ne duk maganar take. Tekun Indiya ba ya tsaye. Iskar shekara tana tura shi. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas, wadda suke kira irubai, tana kora ruwa daga gabas zuwa yamma. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma, hulangu, tana maido shi. Tsibiran kuwa sun gitta a kan hanyarsa kamar darni, dole ruwan teku guda ya matse ya bi ta ƙofofin. A kan wannan kuma ga cikowa da janyewar teku sau biyu a yini. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan saman Agusta ke taruwa daga unguwa ya bi ta kwararo ɗaya ya san abin da muke nufi, sai dai nan kwararon zurfinsa mita 30 ne ko fiye, kuma ruwan garai-garai yake har ana hango ƙasa.

Mun sauka a Mafushi, wani ƙaramin tsibiri a gefen gabas na zoben Male ta Kudu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga babban birnin a jirgin ruwa mai gudu. An fara karɓar baƙin yawon buɗe ido a Maldif a 1972, amma shekaru da yawa ana keɓe su a tsibiran da ba kowa, nesa da jama'a. Sai wajen 2009 aka yarda a buɗe masaukai a garuruwan mutane, kuma Mafushi na cikin na farko. Ga iyali irin namu wannan shi ya fi: ba a sayar da giya a garin, ana jin kiran salla, da safe a kawo dakakken kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono a ci da gurasa mai laushi. Abu ɗaya ya ɗaure wa dattijonmu kai ranar farko. Mu da muka saba cewa mutum ya fuskanci gabas, sai ga alƙibla tana arewa maso yamma, wajen faɗuwar rana.

Ba dukkanmu muka yi nutso ba. Nutso da kwalbar iska ba abin da mutum zai faɗa masa da ka ba ne; ana koyonsa kwana uku ko huɗu a sami takardar farko, wadda ta tsaya a zurfin mita 18, sannan a ƙara karatu kafin a kai mita 30, wanda shi ne iyakar da dokar Maldif ta sa wa masu nutson shaƙatawa. Huɗu daga cikinmu ke da takarda ta biyu. Sauran biyar suka tsaya a kan iyo a saman ruwa da gilashin fuska da bututun numfashi, za mu zo kansu.

Dalilin wannan tsanani lissafi ne mai sauƙi. Kowace mita goma da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. A mita 30 ya zama ninki huɗu, saboda haka iskar kwalba tana ƙarewa ninki huɗu da sauri, kuma wani sashe na iskar, naitirojin, yana narkewa ya shiga jini. In aka taso a hankali yakan fita ta huhu. In aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa a cikin jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza, ya kama gaɓoɓi, wani lokaci ya shanye jiki ko ya kashe. Shi ya sa ba a riƙe numfashi, ba a rige-rigen fitowa, kuma ana tsayawa minti uku a zurfin mita biyar kafin a ɗago kai. Duk waɗannan ƙa'idoji suna da sauƙin kiyayewa a ruwa mai kwanciya. A ƙofar kandu dole a kiyaye su alhali ruwa yana tafiya da mutum.

Jirgin da ya kai mu irin nasu ne na gargajiya, doni, mai faɗi da rumfa, yanzu da inji. Da muka isa bakin ƙofar Guraidu, matuƙin ya rage wuta ya tsaya yana duban fuskar ruwa, inda ya yi santsi kamar an zuba mai da inda yake tafasa. Jagoranmu ya diro shi kaɗai da gilashi ya leƙa ƙasa. Abin da yake duba ƙananan kifaye ne ruwan lemo da ke shawagi a kan murjani, domin kullum kansu yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, kuma yadda suke kaɗa jela yana nuna ƙarfinsa. Ya hau ya ce ruwa shiga yake yi, daga teku zuwa tafki, da ƙarfi. Wannan ake so. Ruwa mai shiga tsabtatacce ne, kuma in ya kwashi mutum cikin zobe zai kai shi, inda jirgi zai same shi. Ruwa mai fita kuwa bakin teku yake nufa, kuma daga gefen gabas babu wata ƙasa kusa. Siri Lanka tana can kimanin kilomita 700.

Aka kai mu sama da ƙofar, wajen teku, domin ruwa ya kawo mu inda muke so. Umarnin shi ne kowa ya fitar da iskar rigarsa tun a jirgi, a diro tare, a nutse nan take ba tare da tsayawa gaisuwa a sama ba, domin wanda ya yi jinkirin rabin minti zai sauka a wani wuri daban. Muka diro. Ruwan ɗumi ne, digiri 28 ko 29. Muna sauka muna matse hanci muna buɗe kunne, katangar murjani tana tahowa gare mu kamar ita ce ke tafiya. Launin ja ya fara ɓacewa tun a mitocin farko, ruwan lemo ya bi shi, har komai ya koma shuɗi da toka.

A kusurwar ƙofar, wajen mita 28, kowa ya zaro ƙugiyarsa. Ƙarfe ne lanƙwasasshe da igiya kamar kamu uku a ɗaure da riga. Ana neman mataccen dutse a maƙala, ba a taɓa murjani mai rai, sannan a ɗan sa iska a riga, sai mutum ya tashi ya tsaya a cikin ruwa, igiya ta miƙe tsam. Nan muka san ƙarfin abin da muke ciki. Kumfar numfashinmu ba ta tashi sama, baya take tafiya a kwance. In mutum ya juya kai gefe ruwa ya nemi tuɓe masa gilashi. Bututun da ke baki yana rawa a haƙora.

Gabanmu kuwa, a bakin ramin da ya gangara cikin duhu, kifayen shak masu launin toka, waɗanda ake kira requin da Faransanci, sun fi goma, kowanne ya kusa tsawon mutum, suna tsaye a cikin ruwan nan da ya kusa tsinke mana igiya, ba su ko motsa jela sosai. Sukan ɗan karkata su koma baya, su sake dawowa wurinsu. Ko kallo ba mu ishe su ba. A 2010 gwamnatin Maldif ta haramta kamun shak a ruwanta, bayan an gane cewa rayayye ya fi kawo wa ƙasa kuɗi fiye da matacce. Sama da su wasu kifaye masu fiffike da ɗigo-ɗigon fari suka wuce a jere kamar shamuwa. Garken manyan kifaye masu sheƙin azurfa ya rufe mana haske na ɗan lokaci. Duk taron nan ruwa ne ya kira shi: shi ke ɗauko ƙananan halittun da ido ba ya gani daga teku, ƙananan kifi su taru a ƙofa su ci, manya su taru a kansu.

Bayan minti goma sha biyu jagora ya buga kwalbarsa da ƙarfe, muka cire ƙugiya. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin wannan irin nutso, kuma yana da wuyar kwatantawa ga wanda bai yi ba. Ƙarar ruwa ta ɗauke, matsin da ke ƙirji ya tafi, domin yanzu tare da ruwan muke tafiya. Ba mai kaɗa ƙafa. Mun naɗe hannu, bangon ƙofar yana wucewa ta gefenmu kamar yadda itatuwa ke wucewa in ana cikin mota: kogunan dutse cike da murjani mai laushi, kififiya tana cizon wani abu a jikin dutse, wani kifi kore mai ƙaton goshi da ya kai girman ɗan maraƙi. In abu ya ba mutum sha'awa, kallo ɗaya ne rabonsa. Gudun ruwa na kilomita biyu a awa, wanda yaro ke wucewa da ƙafa a tudu, ya isa ya gajiyar da ƙaƙƙarfan mai nutso cikin 'yan mintoci in ya ce zai koma baya, kuma ruwan ƙofa yakan ninka haka. Mai gardama da shi iskarsa kawai yake ƙonawa.

Ba daɗi kaɗai ke ciki ba. Inda ruwa ya bugi kusurwa ko ya faɗa gangare yakan juya, wani lokaci ya danna ƙasa. Alamarsa ita ce mutum ya ga kumfarsa tana gangarawa maimakon ta hau. An koya mana cewa a irin wannan hali a nisanci bango a yi iyo zuwa tsakiyar ruwa, a ƙara iska a riga kaɗan, a kuma shirya fitar da ita da zarar an kuɓuta, don kada a harba mutum sama. Mun gamu da ƙaraminsa a tsakiyar ƙofar. Ya sauke mu kamar mita uku ya sake mu. Ma'aunin iskar ƙaramin cikinmu ya nuna abin da tsoro ke yi wa numfashi, domin shi ya fara kai wa ga kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbarsa, inda doka ta ce a tashi. Muka tashi dukkanmu, domin ba a raba ƙungiya.

Jagora ya hura wata doguwar jaka ja ya sake ta da zare ta haura sama ta tsaya a kan ruwa. Mun yi mintinmu uku a mita biyar, ba bango ba ƙasa, shuɗi ta ko'ina, ruwa na ci gaba da tafiya da mu. Da muka ɗago, tsibirin da muka bari a dama ya koma bayanmu da nisa, doni kuwa yana nan kusa. A ganinmu gwanin wannan aiki shi ne matuƙin nan da bai jiƙa ko ƙafarsa ba. Ba ya ganinmu tsawon minti arba'in, amma ya san inda ruwa zai fito da mu, kamar yadda masuntan ƙasar suka gāji lissafin shekara da suke kira nakai, kashi 27 na kwana 13 ko 14, kowanne da iskarsa da halin ruwansa, abin da zai tuna wa manominmu lissafin taurarin damina. Haɗarin da aka fi tsoro a irin wannan nutso shi ne a fito lafiya jirgi bai ga mutum ba. Kan ɗan Adam a cikin igiyar teku bai fi kwakwa girma ba.

'Yan uwanmu biyar masu iyo a sama ba su yi asara ba, har muna iya cewa ta fuskar launi sun fi mu riba, domin a mita biyu ko uku rana tana kai wa ga komai. An sa musu rigar da ke hana nutsewa, matan suna cikin kayan iyo masu rufe jiki duka, aka zuba su a gefen katanga ta cikin tafki inda ruwa ke tafiya a hankali, jagora a gaba yana jan taya mai igiya, jirgi a baya. Ƙa'idarsu ita ce tamu: kada a yi iyo gaba da ruwa, kada a rabu, kada a taka murjani, wanda ya gaji ya ɗaga hannu. Dattijonmu, wanda ya ce rabonsa da shiga ruwa tun yana yaro a kogi, ya riƙe tayar bai sake ta ba har aka gama. Da aka jawo shi jirgi ɗiyar ƙanensa ta ce, "Baba, yaya ka gani?" Ya daɗe yana share fuska kafin ya ce, "'Yar nan, ashe gari ne a ƙasa."

Gari ne kuwa, kuma masu gininsa ba su kai ƙwayar gero ko ta masara ba. Murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya, jan nan, daga Bahar Rum ake samo irinsa. Na katanga danginsa ne: 'yar halitta mai laushi da baki da 'yan hannuwa, wadda ke gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, dubbai a manne da juna kamar saƙar zuma, 'ya'ya suna gini a kan ƙasusuwan iyaye. A cikin naman kowace akwai wata gansakuka da ba a gani sai da madubin likita, wadda ke sarrafa hasken rana ta ciyar da mai masaukinta, ita ce kuma ke ba shi launi. A ƙarƙashin Maldif irin wannan gini ya kai kaurin kimanin mita 2000 a kan tsohon dutsen aman wuta. Farin yashin da ake yabo ma daga nan yake: kifi mai baki irin na aku yana gurgurar dutsen yana kasayar da shi gari, igiyar ruwa ta tara, ya zama tsibiri.

Zaman amanar nan tsakanin murjani da gansakuka ba ya jure zafi. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na 'yan makonni, murjani yakan kori baƙuwarsa, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. A 1998 haka ta faru, mafi yawan murjanin da ke ruwa mara zurfi a Maldif ya mutu. Ya ɗauki shekaru yana farfaɗowa, 2016 ta sake buge shi. Masu iyonmu sun ga shaida: fili guda na karyayyun rassa masu launin toka, sai can ga sababbin tsiro kamar tafin hannu. Mu da muka bi ƙofa mun ga bango mai rai fiye da haka, kuma jagora ya danganta shi da ruwan da ba ya zama wuri ɗaya har ya yi zafi. Ga ƙasar da tsayinta mita ɗaya da rabi ne wannan ba maganar ado ba ce, domin katangar ce ke karya igiyar teku kafin ta iso gidaje. A ranar 26 ga Disamban 2004 igiyar tsunami ta haye tsibirai da yawa daga gefe zuwa gefe, mutane fiye da 80 suka rasu. A Oktoban 2009 Shugaba Muhammad Nashid ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa da kwalaben iska, don duniya ta dubi halin da suke ciki. Wasu sun kira abin wasan kwaikwayo, amma an kalla.

Mai nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya huta kamar yini guda, domin ragowar iskar da ke jininsa ta fita. Wannan yini muka yi a Male, birni mai cunkoso ƙwarai, muka je tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miski, wanda aka gina a 1658 zamanin Sarki Ibrahim Iskandar. Musulunci ya kafu a tsibiran tun 1153. Bangon masallacin tubalan murjani ne da aka yanko daga teku suna da taushi, aka sassaƙa musu zane mai kyau, aka haɗa su suna kama juna. In mutum ya matsa kusa yana ganin 'yan ramukan da halittun suka zauna. Haka mutanen ƙasar suka yi ta gina gidaje da kaburbura da murjani har shekarun 1990, lokacin da aka taƙaita haƙarsa. Yanzu yashi suke tsotsowa daga ƙasan tafki suna yin sabuwar ƙasa: Hulumale, kusa da filin jirgin sama, an fara cike shi a 1997, mutane suka fara tarewa a 2004, kuma an ɗaga shi kimanin mita biyu a kan teku.

Mun dawo gida a ƙarshen Fabrairu. A watan Afrilun 2024 hukumar Amurka mai lura da teku da sararin sama ta ba da sanarwar cewa murjanin duniya ya shiga farin ciwon nan gaba ɗaya karo na huɗu, bayan na 1998 da 2010 da wanda ya fara a 2014, kuma Maldif na cikin wuraren da zafin wannan shekara ya taɓa.